Yadda ake kwalliyar fastel da shara-shara a bazara ba tare da fuska ta yi furu-furu ba

Duk shekara da an shiga wajen 20 ga Maris, lokacin da bazara ke kamawa a arewacin duniya, furanni suka fara buɗewa rana ta fara daɗewa kafin ta faɗi, sai ki ga masu kayan kwalliya sun juye gaba ɗaya, jambaki mai duhun nan da aishado, wato kalar shafawa a fatar ido, mai kalar hayaƙi da aka sha yayinsu lokacin sanyi duk an ture gefe, an fito da ruwan hoda mai sanyi, labenda, shuɗi irin na sama da sassafe, kore mai haske, rawaya fari-fari da kalar fich, wato ruwan lemo mai sanyi da ya ɗan karkata wajen ruwan hoda. Su ne ake ce wa fastel. Ba sabon abu ba ne fa, tun shekarun 1960 ake shafa shuɗi mai haske a fatar ido, kuma a 2016 kamfanin Pantone da ke zaɓen kalar shekara kaloli biyu ya zaɓa duk fastel, Rose Quartz da Serenity, a 2024 ya sake ɗauko Peach Fuzz. Yayin dai zuwa yake ya koma ya sake dawowa. Matsalar ita ce a hoto suna da kyau kamar ki lashe, amma ki ɗora a fuskarki haka kai tsaye sai ki ga abin ya ƙi.

Kafin mu taɓa burushi bari in raba miki abu biyu da ake cakuɗawa, don rashin raba su ne ke sa ki ɓata awa guda gaban madubi ki tashi kina jin haushin kanki. Fastel daban, shara-shara daban. Fastel kala ce da aka zuba wa fari, ja in ya sha fari ya koma ruwan hoda, shunayya ta koma labenda, haka dai. Farin nan kuwa gari ne, yawanci sinadarin titanium dioxide, ki juya bayan kwalin aishadonki za ki gan shi a jerin sinadarai, wani lokacin ma lambarsa kawai ake rubutawa CI 77891, kuma aikinsa rufe abin da ke ƙasa, ba ya barin fata ta leƙo. Shara-shara kuma kamar yadin da kike hango hannunki ta cikinsa ne, kala ce 'yar kaɗan a cikin mai ko jel ko ruwa mai yawa, tana hawa fata amma fatarki na nan ana ganinta har ɗan tabonki da tawadar Allah in kina da ita. To kinga ɗaya rufewa take, ɗaya bari take a gani, kuma duk kwalliyar nan sanin inda za ki sa wannan da inda za ki sa waccan ne.

Ni da wata aishado labenda na koyi darasina. Na ganta a fuskar wata farar mata a hoto na ce nima sai na yi, na ɗebo da yatsa na shafe fatar idona kaf har gindin gira, a madubin ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja ta yi min kyau abinta, na fita ina jin kaina. Sai da aka ɗauke mu hoto da filasha na ga abin da mutane suke gani tun ɗazu, wallahi kamar wadda ta goge allo da fuska. Ƙanwata ta kalli hoton ta ɗago ta kalle ni ta ce Yaya lafiyarki ƙalau dai ko, ni dai ban tanka mata ba. Farin da ke cikin kalar ne ya hau fata mai duhu ya koma toka, ba wai labenda ce ba ta karɓe ni ba.

Mataki na farko, zaɓen kala

A nan ake cin wasan ko a faɗi. Ƙa'idar da nake bi ita ce iya duhun fatarki iya ƙarancin farin da ya kamata a samu a kalar da za ki ɗauka. In kina da duhu ki ɗauki wadda a cikin kwali ta fi abin da kike so ƙarfi kaɗan, don da ta hau fatarki ita da kanta za ta yi haske saboda bambancin da ke tsakaninsu. Mai duhun fata sosai, labenda mai ɗan kauri, shuɗi da bai sha fari da yawa ba, ruwan hoda mai jan-ja da koral, wato ruwan lemo mai sirkin ruwan hoda, suna mata kyau ba kaɗan ba. Wankan tarwaɗa ita ce 'yar gata a nan, fich, kore mai sanyi, rawaya mai sanyi duk suna zama. Fara kuma kusan komai na hawa, sai dai ta kiyayi ruwan hoda fari-fari a kewayen ido, yana sa ta zama kamar wadda ta kwana tana kuka.

Sai kuma kalar da ke kwance ƙarƙashin fata, wata tata ta karkata wajen rawaya ko zinariya, wata wajen ja, wata tsaka-tsaki. Gwajin duba jijiyar hannu da ake ta yaɗawa ni ban cika yarda da shi ba, a fata mai duhu jijiyar ma da ƙyar ake ganin kalarta. Ki tsaya bakin taga da rana, fuska ba komai, ki kara farar takarda kusa da muƙamuƙinki ki ga wace kala ce ta fito. Ko ki gwada ɗan kunne kalar zinari a kunne ɗaya kalar azurfa a ɗayan, wanda ya fi haska ki zai gaya miki. In zinari ne, fich da koral da rawaya za su fi miki sauƙi, in azurfa ne ki nufi labenda da shuɗi da ruwan hoda. Wannan ba doka ba ce, hanya ce kawai ta rage asara.

Kuma dan Allah kar ki gwada kala a tafin hannu ko cikin tsintsiyar hannu ki yanke hukunci, wurin ya fi fuskarki haske. Ki gwada a bayan hannu, in da hali ma a inda za ki sa ta, ki murza sau biyu ki gani, in ta baje ta bar kala to, in ta baje ta bar fari kamar alli ki ajiye ta.

Gyaran fata

Kwalliyar shara-shara ba ta rufa asiri, duk abin da ke fatarki zai fito, don haka rabin aikin a nan yake. Ki wanke fuska da sabulun fuska mara ƙarfi, ki tsane da tawul ba gogewa ba, tun tana da ɗan danshi ki shafa man fuska mara nauyi. In kin fito daga watannin sanyi fatarki na ɓarewa gefen hanci da haɓa, ki ɗan goge matacciyar fatar tun daren jiya ba da safen ba, don in kin yi da safe fatar za ta yi ja ta ƙi karɓar komai. Bayan man fuska sai man kare rana, mai lambar ƙarfin kariya SPF 30 ko sama, SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na UVB, wato hasken rana mai ƙona fata, in an shafa isasshe, isasshen kuwa shi ne ki ja layi biyu tsawon yatsu biyu don fuska da wuya. Eh har da mai duhun fata, rana ce ke ƙara wa tabon ƙuraje baƙi. In kin samu mai ɗan kala a ciki ma ya fi, sinadarin iron oxide da ke ba shi kalar yana taimakawa wajen tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana da hannu a duhun tabo, sannan ba ya barin farin nan da irin mai sinadarin zinc zalla ke bari.

Sai ki jira. Minti 10 zuwa 15, ki je ki zaɓi kayan da za ki sa ki dawo. Masu gaggawa su ne ke kuka wai fandeshan ɗinsu na murmushewa kamar dattin goge fensir, ba komai ba ne illa man da ke ƙasa bai gama zama ba aka ɗora wani.

Shimfiɗar fuska

Ki manta da fandeshan mai kaurin nan mai rufe komai, fastel a kansa yana maida fuska kamar ta 'yar tsana. Abin da kike so shi ne mai ruwa-ruwa da ake ce wa tint, in ba ki da shi ba sai kin saya ba, ki ɗiga ɗigo ɗaya na fandeshan ɗinki a bayan hannu ki haɗa da man fuska kamar ninkinsa biyu ki cakuɗa da yatsa, shikenan kin samu. Amma da man fuska za ki haɗa ba da man kare rana ba, in kin tsinka shi kin rage masa ƙarfi. Ki fara daga tsakiyar fuska, gefen hanci da kumatu da tsakiyar goshi, ki baje zuwa waje yadda kafin ki kai bakin gashi kusan babu komai a yatsanki. Ki jiƙa soso ki matse shi sosai cikin tawul har ya daina ɗiga, ki bi kina daddannawa, shi zai kwashe abin da ya yi yawa.

Konsila kuma, wato abin rufe tabo, inda ake buƙata kawai, kan tabo da kusurwar ido ta ciki inda duhun ya fi taruwa, ba babbar alwatikar nan da ake zanawa har kumatu ba. In ƙasan idonki na da duhu sosai kar ki ɗora konsila mai haske kai tsaye, toka za ta koma, ki fara ɗan taɓa wurin da mai gyaran kala, fich ga mai hasken fata, ruwan lemo ga mai duhu, ɗan mitsitsi ki baje sannan konsila daidai kalarki a kai. Wannan yana da muhimmanci musamman in labenda ko shuɗi za ki sa a ido, don su biyun suna tono duhun ƙasan ido su ƙara fito da shi.

Gira ki taje ta sama, ki cike gurbin da babu gashi da jagira ruwan ƙasa a hankali, kar ki zana mata kwana mai kaifi. Ki wuce.

Yanzu ki tsaya ki yanke shawara tun kafin ki ci gaba, wuri ɗaya za ki ba fastel, ko ido ko leɓe ko kumatu, sauran biyun su zama shara-shara. Na san akwai masu yin shuɗi a ido, ruwan hoda a kumatu, fich a leɓe duk lokaci ɗaya kuma ya yi kyau a hoton mujalla, amma can akwai fitilu da mai gyaran hoto, ke kuwa rana za ki shiga. Ni ido nake ba wa kusan kullum.

Ido, inda aikin yake

Burushi biyu sun ishe ki, ɗaya mai faɗi gajeren gashi na ɗora kala, ɗaya mai laushi kamar jelar zomo na bajewa. Su kasance masu tsafta fa, burushin da kika yi baƙi da shi jiya in ya taɓa rawaya mai sanyi ya kashe ta, za ta koma kalar ruwan wanki.

Akwai hanya biyu, ki zaɓa. Ta farko in kina so kalar ta fito yadda take a kwali. Ki shafa firaimar ido, wato abin da ake fara shafawa don kala ta kama, siriri ki bar ta minti ɗaya. Sai ki ɗauki burushin bajewa da ruwan ƙasa mara ƙyalli wanda ya ɗan fi fatarki duhu kaɗan, ki bi lanƙwasar da ke saman fatar ido kina kai da kawowa, wannan ita ce gadar da za ta haɗa fastel ɗin da fatarki, in babu ita kalar za ta tsaya ita kaɗai kamar an manna takarda. Daga nan ki ɗan taɓa konsila da ta fi fatarki haske da mataki ɗaya ko biyu a kan fatar idon kanta, daga gindin gashin ido zuwa lanƙwasar, ba sama da nan ba. Wasu farin fensir suke amfani da shi, yana aiki amma a fata mai duhu ni ina ganin ya cika tsauri, sai dai in kina so kalar ta yi ihu. Kar ki sa hoda a kan konsilar, ɗan danƙonta ake so don shi zai kama garin.

To sai ki dangwali aishadon da burushi mai faɗi, ki ɗan buga shi a bakin kwali garin da ya yi yawa ya zube, ki dinga dannawa a kan fatar idon, dannawa na ce ba sharewa ba. Wannan ne kuskuren da kusan kowa ke yi, fastel mara ƙyalli garinsa busasshe ne, in kika ja burushin hagu da dama kwashe shi kike yi, sai ki ga wani wuri ya kama wani wuri ya yi faci-faci ki yi ta ƙarawa har ya yi dabbare-dabbare. Ki danna daga tsakiya ki tafi ciki, ki dawo ki tafi waje, ki tsaya ki buɗe ido ki kalli madubi, sannan ki ƙara zagaye na biyu in da buƙata, siriri sau biyu ko uku ya fi kauri sau ɗaya nesa ba kusa ba. In kin gama sai ki koma wa burushin bajewan nan ba tare da kin ƙara masa komai ba ki bi bakin kalar kawai, inda ta haɗu da ruwan ƙasan, tsakiyar kar ki taɓa ta.

In fatar saman idonki irin mai saukowa ce ta rufe lanƙwasar, ki yi aikin ido a buɗe kina kallon madubi kai tsaye, ki ɗaga kalar ta ɗan wuce lanƙwasar kaɗan, in ba haka ba duk wahalarki sai kin ƙifta za a gani. Kuma garin na zubowa ƙasan ido, don haka ko ki kara tishu a ƙasa ko ki fara yin idon gaba ɗaya kafin shimfiɗar fuska, ni na fi yin hakan ranar da zan sa shuɗi. Mai ƙyalli kuwa yatsa ya fi burushi iya shi, ko ki ɗan fesa ruwan zaunar da kwalliya a burushin bayan kin dangwalo, ba kafin ba, don jiƙaƙƙen burushi in yana shiga kwali saman garin taurarewa yake ya daina ɗebuwa.

Hanya ta biyu ta fi sauƙi kuma gaskiya ita na fi yi da rana. Babu konsila a ƙasa, babu gada. Ki ɗauki aishado mai maiƙo-maiƙo, ko ki kankaro ɗan garin naki ki haɗa da firaima a bayan hannu, ki ɗauka da yatsan zobe ki daddanna a tsakiyar fatar ido ki baje sama har ya ɓace da kansa. A nan ki zaɓi kala mai ƙarfi, shunayya sosai ko shuɗi sosai, don in ta baje siriri a fata mai duhu ita ce za ta ba ki sanyin nan da kike nema ba tare da toka ba, tunda babu farin da zai zauna a sama. Wannan dabarar ita ta sasanta ni da labenda bayan abin kunyar da na ba ki labari.

Ko wace hanya kika bi kar ki bar idon haka, fastel na haɗiye siffar ido ya zama kamar kin kumbura. Ki ja gazal ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi siriri a gindin gashin ido na sama, cikin gashin ma za ki cusa shi, sai maskara sau biyu a sama, ƙasa kaɗan ko ki bari. Wadda kuma take jin tsoron shafe fatar ido duka, ta ja baƙin layinta yadda ta saba sannan ta ja wani siririn layi na kore mai haske ko shuɗi a samansa, ko ta ɗiga ɗigo ɗaya a kusurwar ido ta ciki, ya isa a san da zamansa.

Abu biyu na lafiya kafin mu bar ido. Ki karanta bayan kwali, musamman kalolin hoda da ja da shunayya masu ƙarfi, akwai sinadaran kala da hukumar FDA ta Amurka ba ta amince a sa su kusa da ido ba, shi ya sa za ki ga an rubuta a wasu kwalaye cewa wannan kalar ba ta kewayen ido ba ce, suna iya rina fata ko su sa ƙaiƙayi. Sannan bazara lokacin garin furanni ne a iska, in kina cikin masu atishawa da hawayen ido a wannan lokacin ki nemi maskarar da ruwa ba ya wanke ta, kuma kar ki sa komai a layin cikin ido. Mai sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido ta sa shi kafin ta fara kwalliya, ta cire shi kafin ta fara gogewa.

Kumatu

Jan kumatu mai maiƙo ko mai ruwa za ki nema ba na gari ba, kuma kafin hoda ake sa shi, in kika sa bayan hoda zai kama wuri ɗaya ya ƙi motsi. Kar ki ɗiga kai tsaye a fuska, wasu masu ruwan nan ɗigo ɗaya ya ishi kumatu biyu har da saura. Ki sa a bayan hannu, ki dangwala da soso ko yatsu biyu, ki daddanna daga tudun kunci ki haura wajen saman kunne, kar ki sauko ƙasa da hanci don yana jawo fuska ƙasa. Abin da ya rage a yatsa ki ɗan taɓa karan hanci. Dabarar ido ta biyu ita ce a nan ma, mai duhun fata ta bar ruwan hoda fari-farin nan na cikin hoto, ta ɗauki ruwan hoda mai ƙarfi ko ruwan lemo mai ja wanda a kwalba har tsoro yake ba ta, in ya baje siriri shi ne zai zama kamar daga cikin fatar ya fito. In ya yi yawa kar ki goge, ki ɗauki soson da kika yi shimfiɗa da shi, akwai sauran fandeshan a jiki, ki danna a kai zai lafa. Hailaita, wato abin ƙara wa fuska sheƙi, in za ki sa, mai ruwa kalar zinari ko fich, ɗan kaɗan a saman ƙashin kunci, mai farin ƙyalli irin na azurfa shi ma toka yake komawa.

Leɓe

Tun lokacin da kike shafa man fuska ya kamata ki sa man leɓe ya jiƙa, yanzu sai ki goge shi da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, ɓawon zai biyo. Jambaki mai haske ba ya yafe tsagewar leɓe ko kaɗan, cikin tsagar yake shiga ya zauna. In ido ne ya ɗauki fastel to leɓe man leɓe mai ɗan kala ko gulos, mai sa leɓe sheƙin nan, ya wadatar, ki shafa ki wuce. In kuma leɓen kika ba wa, to sai an bi a hankali, da yawanmu leɓen sama ya fi na ƙasa duhu ko gefen ya fi tsakiya, in kika shafe duka da fich ko ruwan hoda mai haske za ki zama kamar mai fama da ƙishirwa. Ki zagaye da fensir ruwan ƙasa wanda ya fi leɓenki duhu kaɗan, ki murza layin zuwa ciki da yatsa kar ya tsaya kamar an ja da biro, sai ki ɗiga fastel ɗin a tsakiya kawai sama da ƙasa, ki haɗa leɓe sau biyu uku, ki daddanna bakin da yatsa, ki rufe da gulos mara kala. Jambaki mai ruwa mai bushewa ƙamas ɗin nan in fastel ne ni ba na ba kowa shawararsa, ban taɓa ganin ya kai awa biyu bai tsattsage ba a bakina. Ki kuma yi murmushi a madubi ki duba haƙora, jambaki ruwan hoda da ya karkata wajen shuɗi yana sa su yi fari, wanda ya karkata wajen rawaya yana fito da rawayarsu.

Hoda da abin da ya biyo baya

Hoda a goshi, gefen hanci, haɓa da ƙasan ido kaɗan, da ƙaramin burushi, kumatu ki bar su da sheƙinsu. Zancen tara hoda a ƙasan ido a bar ta ta daɗe babu shi a wannan kwalliyar. In hodarki farar nan ce mara kala mai sinadarin silika, ki ɗauki hoton kanki da filashar waya a ɗaki mai duhu kafin ki fita, ita ce ke dawo da haske ta yi fari fat a hoto alhali a madubi ba ki ga komai ba, in kin ga haka ki share da babban burushi ko ki koma mai ɗan kalar fata. Sai ki riƙe ruwan zaunar da kwalliya kamar taƙi ɗaya daga fuska ki fesa sau uku huɗu ido a rufe, ki bari ya bushe da kansa. Ki je bakin taga da ƙaramin madubi ki duba a hasken rana, can ne za ki ga gaskiya.

Da rana in fuska ta yi naso kar ki ɗora hoda a kan maiƙo, ki raba tishu gida biyu ki danna sirin a goshi da hanci ya tsotse tukuna. In aishadon ya taru a lanƙwasar ido ki daddanna da yatsan zobe mai tsafta zai koma. In kuma a waje za ki wuni, man kare rana ana sabunta shi duk awa 2, ki zuba a soso ki danna a kan kwalliyar a hankali, tunda dama shimfiɗar siririya ce ba abin da zai lalace sosai, ki ƙara ɗan jan kumatu in ya gudu.

Da dare ki jiƙa auduga da man goge kwalliya ki ɗora a kan ido a rufe ki ƙirga 20 kafin ki ja ƙasa, ba murza ba, sannan ki wanke da sabulun fuska. In kalar ruwan hoda ko shunayya ta bar ɗan rini a fatar ido kar ki dirje, zai fita da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Burusan ki wanke su duk mako ki kwantar da su a kan tawul su bushe, kar ki tsayar da su ruwa ya gangara gindin gashin ya saki gam. Kayan da kika ajiye tun bazarar bara kuma ki duba jikinsu, akwai ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwani da aka rubuta 6M ko 12M ko 24M, adadin watannin da zai yi bayan an buɗe kenan. Na gari suna daɗewa, masu maiƙo da masu ruwa su ne ke saurin lalacewa, in wari ya sauya ko mai ya rabu ya taso sama ki jefar. Maskara kuwa wata 3 ne, ko da saura a ciki.